Yadda Magana Ke Ratsa Iska Ta Isa Daidai: Lacca ga Mutanen Tudun Wada, Zariya

Jama'a, mutanen Tudun Wada sun daɗe da sanin wahalar isar da labari. A unguwar nan aka kafa Kamfanin Gaskiya cikin 1945, kuma ma'aikatansa sun sani cewa in tawada ta ɓata harafi ɗaya, mai karatu yakan gane kalmar daga sauran haruffa. To, a kan irin wannan dabara wayar hannu take aiki.

Muryar da ta hau iska tana gamuwa da hayaniya iri iri. Tsawa takan dame ta, nisa ya raunana ta. Mafi wuyar duka kuwa amsa-kuwwa: saƙo ɗaya yakan bugi gini, ko dutse kamar Kufena, ya iso ta hanyoyi da yawa, wani kashi ya riga wani, su cakuɗe. Cikin 1948 wani masani ɗan Amurka, Claude Shannon, ya tabbatar da lissafi cewa ana iya aika saƙo ta hanya mai hayaniya ya isa kusan ba kuskure, muddin ba a ɗora wa hanyar abin da ya fi ƙarfinta ba.

Ga yadda ake yi a tsarin GSM, wanda ya fara aiki a Nijeriya cikin 2001. Wayar takan yanyanka magana gunduwa 50 a kowace daƙiƙa, ta mai da kowace gunduwa alamu 260, watau sifili ko ɗaya. Sa'an nan ta ƙara waɗansu na tsaro har su kai 456, domin in waɗansu sun lalace a gyara da sauran. Abin sha'awa kuma, a tsakiyar kowane ƙunshi akan saka alamu 26 waɗanda mai karɓa ya riga ya san su. Da ganin yadda hanya ta murɗe waɗannan, sai na'ura ta lissafa yadda za ta miƙe ragowar. Wannan fanni yana cikin abin da ake koya wa injiniyoyi a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru.

Amma fa gyaran yana da iyaka. Manomin da gonarsa ke nesa da ƙarfen sabis, ko matar da ke neman ungozoma da dare daga cikin ɗaki mai kaurin bango da rufin kwano, kuskuren da ke isowa yakan fi ƙarfin lissafi, magana ta riƙa yankewa. Ɗaga murya ba ya magani a nan. Abin da ke taimako shi ne a fito fili, ko a hau tudu.