Mari Ya Girmi Ankwa

'Yan uwa, marin da nake nufi ba na kunci ba ne. Ƙarfe ne da maƙeri ke ƙerawa, a sa wa bawa a ƙafa kada ya gudu. Ankwa baƙuwar kalma ce, daga bakin Turawa muka aro ta. Mari kuwa namu ne tun kaka da kakanni. An haramta bauta a Arewa a 1936, amma mari bai tafi ba. A 2019 an kuɓutar da mutum sama da 300 daga gidan mari a Rigasa, Kaduna. A dajinmu na Birnin Gwari ma, masu garkuwa sun ɗaure bayin Allah da sarƙa. To samari, wanda Allah Ya halitta ɗa, kada hannunku ya ɗaure shi. Wassalam.