JAWABI A TARON ƘUNGIYA: DATTIJO DA KWANTARAGI BAYAN RITAYA

Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu na ci-rani da ke Yamai, Kano, Ikko da Agadas, muna gaishe ku gaisuwar ban girma. An ba mu izini mu yi magana bisa wani al'amari da ya shafi gidaje da yawa a Safo, watau dattijon da ya yi ritaya, ya aje aikin gwamnati, sa'annan ya koma yin aiki na ɗan lokaci da kwantaragi. Mu yara ne a gabanku, ku yi muna haƙuri.

Da farko mu duba mafarin abin. Manomi ba shi da ritaya, ɗan kasuwa ma haka. Ritaya ta ma'aikaci ce, ranarta kuwa a rubuce take. Ran da ta zo, albashi ya tsaya, alawus ya tsaya, sai fansho. Shi kuma fansho bisa tushen albashi ake lissafa shi, ban da alawus. Amma bakunan da ke ci cikin gida ba su ragu ba. A watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa da rabi, kayan kanti sunka yi tsada, waɗanda ke kan fansho a lokacin sun ji jiki. A ƙarshen shekarun 1990 anka kawo dokar da ta ce ma'aikaci ya tafi in ya cika shekara 30 yana aiki ko shekara 55 da haihuwa. Malamai da yawa sunka bar aji da sauran ƙarfinsu, anka cike gurbinsu da 'yan sa-kai, daga baya 'yan kwantaragi. Dokar 2007 ta maida shekarun zuwa 60. Duk da haka mutum mai shekara 60 wanda Allah ya ba lafiya bai gama amfani ba.

Saboda haka in kun ga tsohon mushe yana koyarwa a lekol mai zaman kanta a Maraɗi, ko tsohon majo yana taimakon ma'aikatan rigakafin shan-inna, ko tsohon malamin gona yana bin masu noman rani a Jiratawa da littafi a hannu, kada ku ce kwaɗayi ne. Wani bukata ta kai shi. Wani kuwa zaman banza ne ya ishe shi, don wanda ya saba tashi da ƙararrawa shekara 30 ba ya jin daɗin wuni bisa tabarma.

Mu da ke cikin aji mun san darajar waɗannan mutane. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa a ƙasa duka, sakamakon ya nuna da yawa suna bukatar ƙarin horo. Ba laifinsu ba ne su kaɗai: an ba su alli ba a ba su wanda za su koya a wurinsa ba. Yadda ake kama hannun yaron CI har ya rubuta harafi, yadda ake riƙe aji mai cike maƙil ba da bulala ba, wannan ba ya cikin littafi. A kan dattawan nan yake. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa.

To amma akwai inda ake cutuwa, shi ya sa munka kawo shawara huɗu.

Ta ɗaya, a rubuta. Dattijo kan ji kunyar tambayar kuɗi, musamman in wanda ya kira shi aikin tsohon ɗalibinsa ne. Sai a ce masa: "Baba, ka fara, za mu gani." Wata uku ya wuce, ba a gani ba. Kafin a fara, a sa a takarda: aiki kaza, kwana kaza a mako, jika kaza a wata, ranar biya kaza, daga wata kaza zuwa wata kaza. Kowa ya sa hannu, da shaidu biyu, kowa ya riƙe tasa. Wannan ba rashin yarda ba ne. Malamanmu sun san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, zancen rubuta bashi take yi.

Ta biyu, kafin ya sa hannu ya je ya tambaya a inda ake biyansa, CARENI in ma'aikacin gwamnati ne, CNSS in na kamfani ne, ko wannan aiki zai taɓa fanshonsa. Tafiyar yini ɗaya ce, ta fi nadamar shekara.

Ta uku, a auna ƙarfi. Aikin ɗan lokaci ya tsaya ɗan lokaci. In an cire kuɗin kabu-kabu zuwa Maraɗi da dawowa, da abincin rana, da kuɗin ɗan barema da zai yi masa noman da ya bari, a duba abin da ya saura. In bai taka kara ya karya ba, gara gona. A bar masa damina, a bar masa azumi.

Ta huɗu ita ce mai nauyi. Muna da samari da 'yan mata da sunka fito makarantar horon malamai da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, suna zaune da takardunsu. Mai aiki yakan fi son dattijo don yana da fansho, zai karɓi kaɗan. In uba ya karɓi kujerar da rabin kuɗi, ɗansa ne zai ɗauki jaka ya nufi Aljeriya ko Libiya. Muna roƙon iyayenmu: aikin da saurayi zai iya, a bar masa. Ku karɓi wanda sai ku: horo, duba aiki, gyaran lissafi, ba da shawara.

Ga abin da muke kawowa gaban ƙungiya. 'Yan ci-rani kun saba aiko da kuɗin siminti da kwano, Allah ya saka da alheri. Amma gini ba ya koyar da karatu. Muna neman a ware wani kashi daga karo-karon bana, a ɗauki dattijo ɗaya ko biyu daga tsofaffin malamanmu, da takarda, daga Nuwamba zuwa Mayu. Yamma biyu a mako su zauna da yaran CM2 masu rauni a karatu da lissafi, safiya ɗaya su zauna da sababbin malamai. A yi shi da sanin direkta da kwamitin iyaye, ma'aji ya karanta lissafi a taro mai zuwa. In ya yi kyau a sake, in bai yi ba a rabu da mutunci.

Kada mu sa su aiki kyauta da sunan kishin gari, kada kuma mu ba su sadaka da sunan aiki. A biya su hakkinsu, su ba mu abin da sunka sani tun suna tsakaninmu.

Hukunci na wurinku, dattawa. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya tsare matafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin. Wassalamu alaikum.