Darasin rediyo: mu san jikin ɗan fara

Jama'a masu sauraro, maza da mata, musamman ƴan ajin yaƙi da jahilci na Matankari, da Dogondutsi, da Tibiri, da sauran garuruwan Arewa. Darasinmu na yau a kan ɗan fara ne, wato fara tun tana ƙarama, ba ta yi fiffike ba.

Kowa ya san fara. Muna cin ta soyayya, ita kuma tana cin hatsinmu. Daga shekarar 1986 zuwa 1989 fara ta yi ɓarna mai yawa a ƙasashen Sahel. A shekarar 2004 farin ɗango suka sake sauka a Nijar, ga kuma ƙarancin ruwa, sai aka shiga wahalar abinci a 2005. Duk farar da ta yi wannan ɓarna, da farko ƴar ƙarama ce mai tafiya a ƙasa.

Uwar fara tana tura ƙarshen cikinta cikin rairayi, ta zuba ƙwai a dunƙule, ta toshe ramin da kumfa. Ƙwan yana kama da ƙwayar shinkafa. Ƙwan farin ɗango yana buƙatar ƙasa mai laima, yakan ƙyanƙyashe cikin kamar mako 2. Amma akwai farar gida da ke cin hatsi a ƙasar rairayi irin tamu. Nata ƙwan yana kwana cikin ƙasa duk rani. Da ruwan farko ya sauka, sai ƴaƴan su fito, daidai lokacin da shibka ke tsirowa.

To, ku kama ɗan fara guda, ku ɗora shi a tafin hannu, mu duba shi tare. Jikinsa kashi 3 ne: kai, da ƙirji, da ciki.

Na farko, kai. Akwai manyan idanu 2, da wasu ƙanana 3 masu wuyar gani. Akwai gashi 2 a goshi kamar ƙahonni. Da su yake shinshina, da su yake taɓa abu. Bakinsa yana da muƙamuƙi 2 masu ƙarfi. Namu muƙamuƙin sama da ƙasa yake motsi, nasa kuwa dama da hagu, kamar almakashi. Da shi yake yanke ɗanyen ganyen hatsi. Wannan baki a shirye yake tun yana jariri.

Na biyu, ƙirji. Nan ƙafafu suke, guda 6. Huɗu na gaba na tafiya ne da riƙe ganye. Biyu na baya dogaye ne masu kaurin cinya, su ne na tsalle, kuma suna da ƙayoyi. A bayan ƙirjin za ku ga wasu ƴan ɓawo ƙanana. Tsiron fiffike ke nan. Ku lura da su da kyau. In ba a ganinsu sosai, ɗan fara sabon fitowa ne. In sun yi girma sun kwanta bisa gadon baya, ya kusa tashi.

Na uku, ciki. Gaɓa-gaɓa ne. Ɗan fara ba shi da hanci. Da wasu ƴan ƙofofi na gefen jiki yake numfashi, 10 a dama, 10 a hagu, yawancinsu a ciki. Kunnensa ma ba a kai yake ba. Yana gefen ciki, kusa da gindin ƙafar baya.

Ɗan fara ba shi da ƙashi. Ɓawon jikinsa shi ne ƙashinsa, shi ne rigarsa. Rigar ba ta girma tare da shi. In ta matse shi, sai ta tsage ta baya, ya fito da sabuwa. Yawanci sau 5 yake wannan saɓa. A ta ƙarshe yake fitowa da cikakken fiffike. Ga farin ɗango, daga ƙyanƙyasa zuwa fiffike kwana 30 ne zuwa 40.

Launi ma yana magana. Ɗan farin ɗango mai zama shi kaɗai kore ne ko ruwan ƙasa. In sun taru da yawa suna gogar juna, sai su koma baƙi da rawaya, su riƙa tafiya tare kamar runduna. Wanda ya ga haka, kada ya kwana da labarin.

Mene ne amfanin sanin wannan? Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muddin babu fiffike, fara ba ta iya tsere mana. Da sanyin safiya jikinsu ba ƙarfi, ana samunsu a tare bisa sabara da ciyawar bakin gona, a buge su da reshe. In suna tafiya a runduna, a haƙa dogon rami a gabansu, a kora su ciki, a rufe, a tattake. Kada a kori shamuwa da zabi daga gona, abokan aikinmu ne. A gaya wa mai gari da malamin gona wurin da aka gan su, da launinsu, da girman tsiron fiffikensu. In an fesa magani, kada kowa ya ci farar wurin, kada a kai ta kasuwa.

Yanzu ku ɗauki alli. Ku zana ɗan fara a allo, ku rubuta kalmomin nan kusa da inda suka dace: kai, ƙirji, ciki, ƙafa, fiffike. Ga lissafi: ɗan fara guda ƙafafunsa 6, to guda 7 ƙafafunsu nawa? Ku nuna wa malamin ajinku amsar.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kare gonakinmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.