Plasma ko LED: Wanne Ya Dace da Ɗakin Kallonka?

Duk magidancin Cadawa, Agye ko Gazawa da ya nufi kasuwar Maraɗi sayen talabijin zai tarar da iri biyu: tsohuwar plasma 'yar gwanjo mai faɗin fuska, da sabuwar LED marar nauyi.

Plasma tana da kyan hoto, wannan ba gardama. Baƙinta baƙi ne wuluk, kuma ƙwallo in tana gudu ba ta barin inuwa a baya. Amma ɗora tafin hannunka a bayanta bayan an tashi wasa, za ka ji zafi rau, kuma zafin nan wutarka ce take ƙonewa. Mai inci 42 takan ja watt 200 ko fiye, alhali LED mai inci 32 ba ta cika wuce 50 ba. Wanda ya dogara da faifan sola da batir ɗaya ya san ma'anar wannan: hoto ya ɗauke ana tsakiyar wasa, yara sun yi jugum. Akwai ma LED da ke aiki kai tsaye da batir mai volt 12.

Ga kuma batun gyara. Panasonic, Samsung da LG duk sun daina ƙera plasma tun 2014, don haka in allonta ya mutu, sai dai mai gyara ya ciro daga wata matacciya.

Ni dai shawarata LED ce. A rataye ta nesa da taga, a riƙa lulluɓe ta da zane saboda ƙurar hunturu.