Lacca: Jinyar ƙashi da ciwon baya, ina arahar take?

Laccar wannan wata a kan kuɗin jinyar ƙashi ce da ciwon baya. Mutane da yawa suna gudun asibiti saboda tsoron tsada. Amma sau da yawa jinkiri ne yake jawo tsadar.

A fara da karaya. Yaro ya faɗo daga kan mangwaro, hannu ya karye. In ƙashin bai huda fata ba, a asibiti hoto za a ɗauka, a daidaita ƙashin, a sa siminti. Cikin mako 4 zuwa 6 hannun yaro yakan haɗe. Mai ɗori na gida kuɗinsa kaɗan ne, kuma akwai karayar da takan warke a hannunsa. Haɗarin yana wajen ɗauri. In aka matse karan ɗori, hannu ya kumbura, jini ba zai wuce ba. Cikin sa'o'i kaɗan naman zai fara mutuwa. In ya ruɓe, sai yankewa. To, sai uba ya sayar da gero da akuyoyi don biyan kuɗin tiyata da jini da gado. Yaron kuma ya rasa hannun riƙe fartanya. Araha ba ta ado. Saboda haka in yatsu suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko suka daina ji, ko ciwo ya tsananta, a sassauta ɗaurin a tafi asibiti nan take. Ko simintin asibiti ne, a koma a nuna shi.

Akwai kuma jaririn da ake haifa da tafin ƙafa a murɗe zuwa ciki. Kusan ɗaya ne cikin jarirai 1,000. Wani likita a Amurka mai suna Ponseti ya fito da hanyar gyara shi tun shekarun 1950. Ana miƙar da ƙafar a hankali, ana canza siminti duk mako, kamar sau 5 zuwa 8. Yawanci akan ɗan tsaga jijiyar dunduniya. Daga nan sai takalmi na musamman, wanda daga baya yakan koma na lokacin barci kawai, har shekara 4 ko 5. Fiye da yara 9 cikin 10 suna miƙewa. Wanda aka bari ya girma a haka, babbar tiyata ce ke jiransa.

Ciwon baya kuwa, a nan ne ake ɓarnar kuɗi. Yawancinsa yakan lafa cikin mako 6, ba hoto, ba tiyata. Doguwar kwanciya ba ta taimako, gara mutum ya riƙa ɗan motsawa. Allurai barkatai a kemis asara ce.

Sai dai akwai ciwon bayan da ba a jira da shi. Shi ne mai zuwa da rama, zazzaɓi, zufan dare, ko ƙullutu a gadon baya. Wannan yana iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya. Binciken da aka yi a Koriya da Indiya a shekarun 1960 da 1970 ya nuna cewa ƙwayoyin magani kaɗai suna warkar da mafi yawan masu shi, ba sai an yi aiki ba. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati a Nijeriya, na ƙashi kuma wata 12 ake sha ba fashi. In aka bari ciwon ya danne laka, ƙafafu suna iya shanyewa.

Duk wanda ƙafafunsa suka fara rauni, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya kasa riƙe shi, a kai shi babban asibiti a ranar. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi gaba, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. A tafi da takardar turawa da duk hoton da aka taɓa ɗauka, don kada a biya kuɗin hoto sau biyu.