Maciji a Gida da Daji



Abu biyu ke kawo maciji gida: abinci da mafaka. A unguwannin Legas irin su Ojota da Agege, ɓera ne abincinsa, ɓeran bola da ɓeran shagon hatsi. Idan damina ta cika ramin macijin da ruwa, sai ya laɓe bayan buhuna ko ƙarƙashin katako. Don haka a share ciyawa, a toshe ramuka, a haska fitila kafin a taka waje da dare.

Wanda ya yi arba da shi ya ja da baya a hankali. Sau da yawa wajen ƙoƙarin kashe shi ake samun sara.

Idan kuwa ya yi sara, kada a tsaga wurin. Kada a tsotse. Kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a kwantar da mutumin, a kai shi asibiti nan take. Gamsheƙa kan tofa dafi a ido, sai a wanke da ruwa mai yawa. Dafin kububuwa, wadda ta addabi manoman Arewa har ta sa asibitin Kaltungo ya yi suna, yana hana jini daskarewa. Allurar kashe dafi ce maganinsa, kuma a asibiti take.