Kafin Yaranmu Su Ɗauki Akwati: Jawabi Ga Iyaye Da Dattawan Ikilisiya

Mun gode wa Allah domin 'ya'yanmu da suka sami gurbi a kwaleji da jami'a. A cikinsu akwai masu farfaɗiya, akwai kuma waɗanda shan inna ya taɓa wa ƙafa. Maganarsu za mu yi yau.

Abin da ya fi damunmu shi ne ɓoyo. Mun san wata yarinya da iyayenta suka ja wa kunne kada ta faɗa wa kowa ciwonta, wai don kada ta rasa miji. Aka ba ta gadon sama a ɗakin kwanan ɗalibai. Da ciwon ya tashi cikin dare sai ta faɗo ta karye a hannu, 'yan ɗakin kuwa suka gudu don tsoron miyau. Iyaye, farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya zama ba faɗuwa idan sun sami magani daidai.

Saboda haka a fara da likita tun ana gida. A karɓi takarda mai bayyana ciwon da sunan maganin, ko fenobabiton ne ko wani. Ranar rajista a kai ta asibitin makaranta da ofishin kula da harkokin ɗalibai, a roƙi gadon ƙasa, a ɗakin da ba sai an hau bene ba, kusa da makewayi. A tafi da maganin da zai kai har hutu. Tsallake magani da rashin barci su ne kan gaba wajen tayar da ciwon, ga shi ɗalibanmu sun saba kwana karatu lokacin jarrabawa. Kada ya yi girki a risho ko ya ja ruwa a rijiya shi kaɗai.

Ko mutum ɗaya ne a ɗakin, a koya masa abin yi: ya kawar da abin da zai ji wa mai ciwon rauni, ya sa tsumma a ƙarƙashin kansa, ya kwantar da shi a gefe ɗaya. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki. In ya wuce minti 5 bai lafa ba, sai asibiti.

Ga masu keke ko sanda, wani daga gida ya je ya zaga makarantar da ƙafarsa kafin a buɗe, ya ga nisan aji da matakala. Ba alfarma kuke nema ba. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci a Najeriya, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Gaskiya da yawa ba su gyara ba, shi ya sa sai kun buɗe baki.

Dattawa da Zumuntar Mata, muna roƙo a rubuta wa limamin majami'ar makarantar wasiƙa, yaron ya tafi da ita a hannu. Kuɗin maganin zango ɗaya kuma, a sa shi cikin baikon taimako na wannan wata.